Gwajin Zuciya na ECG a Amurka: Me Ya Sa Inshora Ke Biya wa Wani, Ta Ƙi Biya wa Wani?

A Amurka mutum yakan je duba lafiyarsa ta shekara-shekara, wadda kamfanin inshora ya shaida masa kyauta ce. A auna masa jini, a saurari ƙirjinsa, sai ma'aikaciyar jinya ta turo na'ura ta manna masa wayoyi, kafin minti biyar an gama. Bayan 'yan makonni sai ga takardar kuɗi ta iso gida, an rubuta ECG a jiki. Wani kuwa da ya je asibitin nan da ciwon ƙirji, aka yi masa gwaji iri ɗaya da na'ura ɗaya, inshorarsa ta amince ba gardama. Kamfanin inshora bai ga ko ɗaya daga cikin majiyyatan biyu ba. Takardar neman biya kawai ya gani, kuma abubuwa uku yake dubawa a cikinta: wane ɓangaren aikin aka yi, don me aka yi shi, kuma a ina.

## Aiki biyu ne a cikin gwaji ɗaya

ECG, wanda Amurkawa suka fi kira EKG, awon lantarkin da zuciya ke fitarwa ne yayin bugawa. Willem Einthoven, likitan ƙasar Holan, shi ya kafa tushensa, har ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924. A gwajin da aka saba, ana manna ƙananan faifai 10 a jiki, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, daga V1 zuwa V6. Daga waɗannan goman na'ura ke fitar da fuskoki 12 na zuciya, ta zana su a takarda mai gudun milimita 25 a daƙiƙa. Ɗaukar zanen kansa kimanin daƙiƙa 10 ne.

A wajen masu lissafi aiki biyu ne a nan. Na farko ɗaukar zanen: na'ura, takarda, faifan mannawa, ɗaki da lokacin ma'aikaci. Na biyu karanta zanen da rubuta rahoto, wanda aikin likita ne. Kundin lambobin ayyukan asibiti na CPT, mallakar Ƙungiyar Likitocin Amurka, AMA, wanda ya fara fitowa a 1966, ya ware lambobi uku saboda haka. Lamba 93000 ita ce ta aikin gaba ɗaya, zane da rahoto. Lamba 93005 ta ɗaukar zane ce kaɗai. Lamba 93010 ta karantawa da rahoto ce kaɗai.

Likitan da ke da na'urarsa a ofishinsa, ma'aikacinsa ya ɗauki zane, shi kuma ya karanta, 93000 zai tura. Idan a asibiti aka ɗauka, asibitin ke da 93005, likitan da ya karanta yana da 93010. Sababbin ma'aikatan lissafi kan yi tuntuɓe a nan, saboda a hoton ƙashi da makamantansa lamba ɗaya ake amfani da ita, sai a liƙa mata alamar 26 idan aikin likita ne, ko TC idan na na'ura ne. Lambobin ECG sun riga sun zo a rabe, don haka 93000 da alamar 26 a gefenta kuskure ne, kuma kwamfutar kamfanin inshora kan dawo da ita ba tare da ɗan Adam ya duba ba.

Sharaɗin lambobin nan uku shi ne fuskoki 12 ko fiye. Gajeren zane mai fuska ɗaya zuwa uku, wanda ake ɗauka don duba tsarin bugu kawai, yana da nasa lambobin, 93040 zuwa 93042. Zanen da agogon hannu ke nunawa fuska ɗaya ce, ba ya shiga layin 93000.

## Kalma ɗaya, ma'ana biyu

A nan gizo ke saƙar. Bayanin da kundin CPT ya yi wa 93000 ya kira gwajin da kalmar Ingilishi "routine", yana nufin irin ECG da aka saba yi, mutum yana kwance yana hutawa, don a bambanta shi da na motsa jiki ko na'urar da ake rataya wa mutum kwana guda. A yaren inshora kuwa kalmar nan tana nufin gwajin da aka yi wa mai lafiya, wanda bai kawo ƙorafin komai ba, don a tantance ko akwai ɓoyayyar cuta. Ma'ana ta farko tana bayyana irin gwajin, ta biyu tana bayyana dalilin yinsa, kuma ta biyun ce ke hana biya. Don haka ana iya yin ECG "na yau da kullum" a ma'anar kundin lambobi, inshora ta biya, domin ba "na yau da kullum" ba ne a ma'anarta.

Asalin wannan yana cikin dokar da ta kafa Medicare, shirin inshorar gwamnatin tarayya na 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu nakasa, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Sashe mai lamba 1862 da dokar ta kafa ya ce ba a biyan aikin da bai dace ba kuma bai zama dole ba wajen gano cuta ko warkar da ita. Sashen ya kuma fitar da duba lafiya na al'ada daga cikin abin da ake biya. Duk gwajin rigakafin da Medicare ke biya a yau, daga baya aka shigo da shi ta ƙofa ta musamman. Kamfanonin inshora na 'yan kasuwa sun ɗora yawancin ƙa'idojinsu a kan wannan tsari.

Dalilin gwaji yana zuwa ne a lamba ta biyu, daga kundin cututtuka na ICD-10-CM, wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba, 2015. Kowane layi a takardar neman biya yana nuni zuwa lambar dalilinsa. Ciwon ƙirji R07.9 ne, jin harbawar zuciya R00.2, suma R55, sarƙewar numfashi R06.02. Waɗannan alamu ne, kuma galibi suna wucewa. Lambobin da suka fara da Z kuwa yawanci yanayi suke nunawa: Z00.00 duba lafiyar babba ba tare da an ga matsala ba, Z13.6 tantance cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Layin da ya haɗa 93000 da Z00.00 yana faɗa wa kamfanin inshora, da bakin asibitin kansa, cewa lafiyayye aka gwada.

Akwai tsaka-tsaki mai faɗi. Mai hawan jini, I10, ko mai shan maganin da ke tsawaita tazarar QT, wato lokacin da ke tsakanin wasu alamomi biyu a zanen zuciya, yana iya buƙatar ECG ko da bai ji komai ba. Ko za a biya ya danganta da ƙa'idar kamfanin da abin da likita ya rubuta a fayil. Medicare ma ba murya ɗaya take magana da ita ba: akwai ƙa'idar ƙasa mai lamba 20.15 kan ayyukan ECG, amma 'yan kwangilar da ke sarrafa takardun biya shiyya-shiyya suna iya fitar da nasu ƙarin sharuɗɗan. Jumla ɗaya a fayil, kamar "an ƙara masa magani mai shafar QT, ana son a ga zane kafin da bayan ƙarin", takan raba gardama. Rashinta kuma yakan sa a ƙi biyan gwajin da ya cancanta.

Ƙa'idoji biyu na sanya lamba suna yawan ruɗa mutane. Ta farko, ga majiyyacin da ba a kwantar ba, ba a sanya lambar cutar da ake zargi. Idan likita yana tsoron toshewar jijiyar zuciya amma bai tabbatar ba, lambar ciwon ƙirji za a sa. Ta biyu, idan an fara gwaji a matsayin tantancewa sai aka ci karo da matsala, dalilin farko yana nan a matsayinsa, abin da aka gano ya biyo baya a matsayin ƙari. Majiyyata kan kira ofishin likita su roƙi a "gyara lambar" don inshora ta biya. Idan da gaske mutum ya faɗi ƙorafi, likita ya rubuta, ma'aikacin lissafi ne ya yi kuskure, gyara halal ne. Idan kuwa babu ƙorafin a fayil, sanya shi daga baya ƙarya ce a takardar neman kuɗi, kuma a shirye-shiryen gwamnati tana faɗawa ƙarƙashin dokar hukunta neman biya na ƙarya, wadda ta samo asali tun 1863.

## Ƙofar da Medicare ta bari a buɗe

Sau ɗaya a rayuwa Medicare ke biyan ECG na tantancewa. Wanda ya shiga Sashen B, mai kula da ganin likita da gwaje-gwajen waje, yana da ziyarar maraba a cikin watanni 12 na farko, mai lamba G0402. Idan likita ya tura shi ECG daga wannan ziyara, ana amfani da lambobi na daban: G0403 aikin gaba ɗaya, G0404 zane kaɗai, G0405 rahoto kaɗai. Lokacin da ziyarar ta fara a 2005, ECG dole ne a cikinta kuma wa'adin wata shida ne. Daga Janairun 2009 aka mayar da gwajin na zaɓi, aka faɗaɗa wa'adin zuwa shekara.

Ziyarar kanta kyauta ce, amma ECG ɗin da ya fito daga cikinta ba kyauta ba ne. Majiyyaci zai fara cike kason farko na shekara, wato kuɗin da yake biya daga aljihunsa kafin inshora ta sa hannu, wanda ya kai dala 257 a 2025, sannan ya biya kashi 20 cikin ɗari. Ziyarar lafiya ta shekara-shekara da aka ƙaro a 2011, G0438 da G0439, babu ECG a cikinta sam. Mutane da yawa suna ɗaukar ziyarorin biyu abu ɗaya ne.

Idan ofishin likita yana ganin Medicare za ta ƙi biya saboda rashin larura, akwai takardar gargaɗi da ake kira ABN, fom mai lamba CMS-R-131. Ana ba majiyyaci ita kafin gwaji, da sunan gwajin, da dalilin da ake jin za a ƙi, da kimanin kuɗin, ya zaɓa ya sa hannu. Sai a liƙa alamar GA a layin. Idan ba a ba shi ba, alamar GZ ake sawa, kuma ofishin ya haƙura da kuɗin, ba shi da ikon bin majiyyaci. Alamar GY ta aikin da doka ta fitar ne tun asali, wanda majiyyaci ke biya ko an gargaɗe shi ko ba a yi ba. Takardar da aka sa wa hannu bayan an cire wayoyi ba ta da ƙarfi, haka ma wadda ake miƙa wa kowa a bakin ƙofa ba tare da takamaiman dalili ba. Masu tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanoni ke gudanarwa, ba a amfani da ABN a kansu. Hanyarsu ita ce a nemi hukuncin kamfanin tun kafin gwaji.

## Me ya sa bai shiga jerin rigakafin kyauta ba

Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora biyan wasu gwaje-gwajen rigakafi ba tare da majiyyaci ya ba da ko sisi ba. Jerin ya dogara sosai da makin da kwamitin ƙwararru na USPSTF ke bayarwa: abin da ya samu A ko B ya shiga. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halaccin tsarin naɗa wannan kwamiti, don haka jerin ya ci gaba da aiki. Sai dai hukuncin bai taɓa ECG ba, domin dama ba ya ciki. A 2018 kwamitin ya ba shi D ga manyan da ba su da alamun cuta kuma haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya cikin shekara 10 bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ma'ana yana ba da shawarar kada a yi. Ga masu matsakaici ko babban haɗari ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba.

Hujjar masu wannan ra'ayi ta lissafi ce. A cikin lafiyayyu, yawancin 'yan karkace-karkacen da ake gani a zane ba cuta ba ne. Amma da zarar an gani, da wuya likita ya kawar da kai. Sai a tura hoton zuciya, daga nan gwajin motsa jiki, wani lokaci har zura bututu cikin jijiyar zuciya, mai haɗarin zubar jini da lahanin ƙoda. Allura ta tono garma ke nan. Ta ɗaya gefen kuma, zane mai kyau ba ya tabbatar da cewa jijiyoyin zuciya a buɗe suke, don haka yana iya ba mutum kwanciyar hankalin da bai kamata ba. Ƙungiyar likitocin iyali ta Amurka ta sanya ECG na shekara-shekara ga mai ƙaramin haɗari cikin abubuwan da ya kamata a daina, a gangamin Choosing Wisely da ya fara a 2012.

Masu goyon bayan gwajin suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Gwajin yana da arha, babu allura, babu haskawa. Zanen da aka ajiye tun mutum yana lafiya yana taimaka wa likitan gaggawa ya gane ko abin da yake gani sabo ne ko tsoho. Akwai kuma cututtukan gado da kan kashe matashi farat ɗaya, waɗanda zane kan nuna. Italiya ta wajabta tantance 'yan wasa tun 1982, da ECG a ciki, kuma binciken da aka wallafa a 2006 daga yankin Veneto ya nuna mutuwar fuju'a a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 89 cikin ɗari. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ba ta bi sahun wajabtawa ba, ta tsaya kan tambayoyin tarihi da duba jiki masu matakai 14. Shi ya sa iyayen ɗan makarantar da ke son shiga wasanni kan biya ECG da kansu idan suna so.

Kafin tiyata ma haka abin yake. Babban binciken da aka wallafa a 2000 kan aikin yanar ido fiye da 19,000 bai ga raguwar matsala ba a wajen waɗanda aka yi wa gwaje-gwajen al'ada. Jagorar likitocin zuciya ta 2014 ta ce ECG ba shi da amfani ga marar alamu da za a yi wa tiyata mai ƙaramin haɗari. Lambar Z01.810, duba zuciya kafin tiyata, ita kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Ana so a bi ta da lambar cutar da za a yi tiyata dominta, da ta ciwon da ya sa ake damuwa da zuciyar. Cewa "dokar asibitinmu ce" ba larura ba ce a idon mai biya.

## Nawa ne, kuma me ya sa wuri ke canza farashi

Tun 1992 Medicare ke biyan likitoci da ma'aunin maki. Kowane aiki yana da makin wahalar likita, makin kuɗin gudanar da ofis da makin inshorar kuskuren aiki. Ana daidaita su da tsadar yanki, a ninka da farashin maki na shekara, wanda ya kasance kimanin dala 32.35 a 2025. A shekarar, makin wahalar likita a 93010 ya kasance 0.17, wato kimanin dala biyar da rabi. Idan aka haɗa sauran, karanta ECG bai kai dala 10 ba, aikin gaba ɗaya kuma bai kai dala 20 ba. A ɗauka an amince da dala 15 a wani yanki: bayan kason farko, Medicare ta biya 12, majiyyaci ya biya 3.

Saboda haka ne takardar asibiti ke ba mutane mamaki, don ba baƙon abu ba ne a ga ECG a ɗaruruwan daloli a jerin farashin asibiti. Wannan farashin allo ne, kusan babu kamfanin inshorar da ke biyansa. Asibiti yana tura nasa ɓangaren a fom na UB-04, da lambar sashe 0730, likita kuma ya tura nasa a fom na CMS-1500. Takardu biyu ke nan kan gwaji ɗaya, kuma majiyyaci kan ɗauka an caje shi sau biyu. A tsarin biyan asibitoci na Medicare, ɗaukar zanen yakan narke cikin kuɗin ziyarar ko na sashen gaggawa idan rana ɗaya aka yi su. Ga wanda aka kwantar, yana cikin dunƙulallen kuɗin kwanciya.

Lambar wuri tana da nata tarkon: 11 ofishin likita, 21 kwanciya, 22 sashen marasa kwanciya na asibiti, 23 sashen gaggawa. Likitan da ya tura 93000 da lambar wuri 22 yana neman kuɗin na'urar da ba tasa ba. Wannan yana yawan faruwa idan asibiti ya sayi ofishin likita ya mayar da shi reshensa. Ɗakin bai canza ba, likitan bai canza ba, amma lissafin ya rabe biyu, kuma kason majiyyaci yakan ƙaru.

## Rahoto, da rigimar wa ya karanta

Kuɗin 93010 na rahoto ne rubutacce, mai sa hannu. Littafin ƙa'idojin Medicare ya bambanta dubawa da fassarawa: likitan da ya kalli zane ya rubuta "ECG lafiya lau" dubawa ya yi, kuma wannan yana cikin kuɗin ganin likita. Abin da na'ura ke bugawa a saman takarda ma ba rahoton likita ba ne. A aikace, rahoton da ke tsayawa gaban mai bincike yana kama da haka: bugu 72 a minti, tsarin bugu daidai, PR milisakan 160, QRS 90, QTc 420, babu ɗagawa ko faɗuwar ST, babu bambanci da zanen bara, sai suna da kwanan wata (PR, QRS, QTc da ST sunayen sassan zanen ne). Layi biyu ne, amma su ne ke raba kuɗin da za a riƙe da wanda za a mayar. Tun gyaran ƙa'idojin ganin likita na 2021 kuma, wanda ya caji fassarar ECG daban ba zai sake ƙirga ta wajen ɗaga matakin ziyarar, wanda kuɗinta ke dogara a kai, ba.

Wannan ɗan kuɗi ya taɓa kaiwa Majalisar Dokokin Amurka. Dokar kasafi ta 1990 ta soke biyan fassarar ECG daban daga 1992, ta cusa ta cikin kuɗin ziyara. Likitoci suka yi ca, dokar 1993 ta dawo da ita daga Janairun 1994.

A sashen gaggawa ne rigimar ta fi zafi. Mai ciwon ƙirji ana so a ɗauki zanensa cikin minti 10 da isowa. Likitan gaggawa ya karanta nan take ya yanke shawara, washegari likitan zuciya ya sake karantawa bisa tsarin asibiti. Medicare fassara ɗaya take biya, kuma tana fifita wadda ta taimaka kai tsaye wajen gano cutar da jinyar majiyyaci. Likitocin gaggawa suna cewa su ne suka yi aiki da zanen lokacin da ake buƙata. Likitocin zuciya suna cewa su ne ƙwararrun da ke kamo abin da ya kuɓuce. Karatun washegari ana ɗaukarsa aikin tabbatar da inganci, sai a yanayi na musamman inda ya canza ganewar cutar, a nan ake sa alamar 77 da bayani. Asibitin da bai tsara wa zai caji ba, wanda ya riga turawa yakan karɓe, na biyun a ce masa maimaici ne.

Maimaita gwaji a rana ɗaya halal ne idan akwai dalili, kamar ciwon ƙirjin da bai lafa ba. Alamar 76 ce idan likita ɗaya ne, 77 idan wani ne, kuma a rubuta lokacin kowane zane. Amma idan an sake ɗauka ne don ma'aikaci ya musanya wayar hannun dama da ta hagu, ko ya ɗora V1 da V2 sama da gurbi na huɗu tsakanin haƙarƙari, ko majiyyaci yana rawar sanyi zanen ya dagule, gwaji ɗaya ne. Haka kuma tsarin NCCI na Medicare, da ya fara a 1996 don hana rarraba aiki ɗaya a caje shi kashi-kashi, yana haɗe gajeren zane da cikakken ECG na lokaci guda, yana kuma ɗaukar zanen da aka yi a matsayin ɓangaren gwajin motsa jiki a cikin kuɗin wancan gwajin.

## Karanta ƙin biya, da abin da ya rage wa majiyyaci

Takardar bayanin biya tana ɗauke da haruffa biyu da lamba. CO na nufin asarar tana wuyan asibiti, PR na nufin tana wuyan majiyyaci. CO-50 rashin larura ne, CO-11 lambar dalili ba ta dace da aikin ba, CO-97 an riga an biya shi cikin wani aiki, CO-4 matsalar alama, lamba 18 maimaici. PR-1 kason farko ne, PR-2 kason da ake rabawa. Idan takarda ta nuna CO amma ofishin likita ya aiko wa majiyyaci da caji kan layin nan, akwai abin tambaya.

Amincewa daban, biya daban. Mai inshora mai babban kason farko, wanda bai cike shi ba, zai biya duk farashin da aka daidaita ko da kamfanin ya amince da gwajin. Ribarsa ita ce ragin da ke tsakanin farashin allo da na yarjejeniya. Irin wannan babu abin ɗaukaka ƙara a kansa.

Inda aka ƙi biya da gaske, akwai wa'adi. Ofishin likita yana da wata 12 daga ranar gwaji ya tura wa Medicare takarda. Matakin farko na ɗaukaka ƙara kwana 120 ne daga samun sanarwa, na biyu kwana 180, cikin matakai biyar. A inshorar 'yan kasuwa mutum yana da kwana 180 ya nemi kamfanin ya sake dubawa, sannan yana iya neman masu duba na waje. Sai dai kan dala 15, lokacin ma'aikacin da zai bi ƙarar ya fi kuɗin tsada, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Shi ya sa ofisoshi da yawa ke yafewa, ko su tsananta tun farko ta hanyar tambayar dalili kafin a kunna na'ura.

Dokar hana cajin ba-zata, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ta toshe wata tsohuwar kafa. Likitan zuciyar da ba ya cikin yarjejeniyar inshorar mutum, wanda ya karanta zanensa a sashen gaggawa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, ba zai iya bin sa cikon kuɗi sama da kasonsa na yarjejeniya ba. Marar inshora kuma yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin aikin da aka tsara, kuma yana iya ƙalubalantar cajin da ya haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye. ECG shi kaɗai a ofishin likita ba zai kai wannan tazara ba, sai dai idan ya zo cikin tarin cajin asibiti.

Ga wanda ke zaune a ɗakin duba lafiya aka turo na'ura, lokacin tambaya shi ne kafin a manna faifan farko: saboda wata alama ake yi ko tantancewa ce, wace lambar dalili za a sa, kuma wurin nan ofishin likita ne ko reshen asibiti a wajen lissafi. Idan yana da ƙorafi, kamar haki a kan matakala ko harbawar zuciya da dare, ya faɗa a lokacin don ya shiga fayil. Faɗin hakan yana iya sa a ƙara cajin ganin likita kan matsala a gefen ziyarar kyauta, da alamar 25 a layin, kuma wannan cajin yakan fi na ECG ɗin kansa yawa.